Motsa Jiki ga Mai Ciwon Matsewar Ƙirji

1. Gabatarwa

Sau da yawa, idan likita ya gaya wa magidanci cewa zuciyarsa ta taɓu, sai iyalinsa su taru su raba shi da kowane irin aiki. A karɓe masa fartanya, a jingine kekensa, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ko buta ya miƙa hannu zai ɗauka sai wani yaro ya riga shi. In mace ce, sai a ce ko tsintsiya kada ta ƙara taɓawa. Tausayi da tsoro ne suke kawo haka, gama kusan kowa ya taɓa jin labarin wani da ya faɗi yana tsakiyar aiki bai sake tashi ba. Akwai kuma wani irin majiyyaci dabam, wanda yake ganin raki ne namiji ya tsaya a hanya saboda ƙirjinsa, sai ya cije ya ci gaba da hawan tudu har abin ya kayar da shi.

Dukansu biyu sun kauce. Ciwon nan da likitoci suke kira anjaina yana da iyaka wadda mai shi yake iya ganewa. Muddin ya yi aikinsa a ƙasa da wannan iyaka, to motsa jiki yana cikin magungunansa, kuma yau da gobe iyakar takan matsa gaba. In ya ƙetare ta da gangan ya sa ransa cikin haɗari. In kuwa ya kwanta ya daina motsi, iyakar ce za ta yi ta matsowa har ta iske shi a ƙofar ɗakinsa. Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake gane iyakar, da yadda ake tafiya a ƙasa da ita. Bayanin bai ɗauke wa kowa zuwa asibiti ba, domin likitan da ya auna mutum shi ya san nauyin da zuciyarsa za ta iya ɗauka.

2. Sunan ciwon da kalmomin kwatanta shi

Wani likitan Ingila, William Heberden, shi ya raɗa wa ciwon suna a cikin 1768, sa'ad da ya karanta bayaninsa a gaban taron likitocin Landan, aka kuma buga bayanin a 1772. Ya kira shi anjaina pektoris, kalmomi biyu na Latin: ta farko daga aikatau mai ma'anar shaƙewa ko maƙurewa, ta biyu kuwa tana nufin "na ƙirji". Ya lura ciwon yakan kama mutum yana cikin tafiya, musamman a hawan tudu ko jim kaɗan bayan cin abinci, da zarar ya tsaya cik kuma sai ya sake shi.

Hausa ba ta da kalma guda da ta tsaya a kan wannan ciwo shi kaɗai. "Ciwon zuciya" ya yi faɗi da yawa, gama zuciya a Hausa ta wuce tsokar da ke cikin ƙirji. In an ce wane ya yi zuciya, fushi ake nufi. Tashin zuciya sha'anin ciki ne, ajiyar zuciya kuwa numfashi ce. "Bugun zuciya" a bakin mutanen yau yana nufin harbawar da kowane mai rai yake da ita, yana kuma nufin farmakin nan da ke kashe mutum farat ɗaya. "Jijiya" ta haɗa bututun jini da zaren da ke kai ji da kuma agara. "Ciwon ƙirji" shi ma ya tattara tari da ƙwarnafi da gyambon ciki da ciwon naman haƙarƙari. Saboda haka majiyyaci da likita suna iya faɗin kalma ɗaya alhali kowa da abin da yake nufi.

Inda sunaye suka gaza, kalmomin da ke bayyana yadda ciwo yake ji sukan taimaka, Hausa kuwa tana da su da yawa: suka, zogi, raɗaɗi, ƙuna, nauyi, matsi, dannewa. Ciwon da yake suka kamar allura, a wuri ɗaya da za a iya nunawa da kan yatsa, wanda kuma yake ƙaruwa in an danna wurin ko an ja dogon numfashi, galibi daga wani abu dabam yake. Anjaina ta fi zuwa da nauyi da matsi a tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora dutsen niƙa, ko an ɗaura igiya ana ja. Da yawa daga masu ita ma ba su yarda su kira ta ciwo, sai dai su dunƙule hannu su ɗora a ƙirji, alamar da likitoci suka sa wa sunan Samuel Levine na Boston. Takan miƙe zuwa kafaɗa da hannun hagu, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko baya, ko ƙahon zuci. Ga mata da tsofaffi da masu ciwon sukari kuwa, wani lokaci haki ne kawai, ko gajiya marar dalili, ko tashin zuciya. Don haka aka zaɓi "matsewar ƙirji" a nan, tun da ita ta fi kusa da abin da mai ciwon yake ji da kuma ma'anar sunan na asali.

3. Abin da ke aukuwa a cikin ƙirji

Zuciya tsoka ce mai girman dunƙulen hannun mai ita. In mutum yana hutawa takan buga sau 60 zuwa 100 a minti, watau wajen sau 100,000 a kwana guda, tana tura jini kimanin lita 5 kowane minti. Ko da yake jini ne cike da ɗakunanta, ba daga nan take ci ba. Tana da jijiyoyinta biyu da suka fito daga gindin babbar jijiyar jiki suka naɗe ta kamar rawani, faɗin manyan rassansu milimita 3 zuwa 4 ne kawai. Da tafiyar shekaru kitse yakan taru a cikin bangon waɗannan jijiyoyi ya ƙuntata hanya. Hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da yawan kitsen jini, da gado, su ne suke gaggauta wannan.

Misalin abin kamar hanyar ruwan lambu ce da laka ta cike fiye da rabinta. Da sanyin safiya ɗan ruwan da ke wucewa yana isar fangali, amma in rana ta take sai shuka ta yi yaushi. Haka zuciya: jinin da ke ratsa ƙuntatacciyar jijiya yana isarta in mutum yana zaune, in ya kama hawan tudu kuwa sai ya kasa.

Abu biyu ne suka sa zuciya ta fi sauran tsokoki saurin jin wannan ƙaranci. Na ɗaya, ko a lokacin hutu takan tsotse wajen kashi uku cikin huɗu na iskar oksijin da ke cikin jinin da ya zo mata, saboda haka in aiki ya ƙaru ba ta da wata ajiya sai dai a ƙaro jini. Na biyu, mafi yawan jinin yana shigarta ne a ɗan tsakanin nan da take saki kafin bugu na gaba. In bugu ya yi sauri sai tsakanin ya gajarce, ga bukata ta ƙaru, ga lokacin ci ya ragu.

Nauyin da ke kan zuciya ya dogara ga saurin bugunta da ƙarfin hawan jinin da take turawa a kansa. Duk sa'ad da waɗannan biyu suka kai wani matsayi, matsewar takan zo, kuma ga mutum guda matsayin kusan ɗaya ne kullum. Wannan ita ce iyakar da aka ambata. In ya tsaya, bugu ya sauka, cikin 'yan mintoci tsokar ta farfaɗo ba tare da ta lalace ba. Wannan ya bambanta da toshewar jijiya gaba ɗaya, inda tarin kitsen yake tsagewa, jini ya daskare a kansa ya rufe hanya ruf, wani yanki na tsokar ya fara mutuwa.

4. Daga kwanciya zuwa tafiya

Su kansu likitoci sun daɗe suna kan ra'ayin kwanciya. Har zuwa wajen 1950, wanda jijiyarsa ta toshe akan kwantar da shi kimanin mako shida, ko abinci sai an ba shi a baki. A cikin 1952 Samuel Levine da Bernard Lown suka buga sakamakon zaunar da irin waɗannan majiyyata a kujera tun cikin kwanakin farko, suka nuna sun fi samun sauƙi. A 1953 kuma Jeremy Morris ya fitar da bincikensa a kan ma'aikatan motocin haya masu bene na Landan. Direba yana zaune wuni zubur, kwandasta kuwa yana hawa da sauka ɗaruruwan matakala. Ciwon jijiyoyin zuciya ya fi yawa a cikin direbobi, ya fi kama su da wuri, ya kuma fi kashe su.

A 1966, a birnin Dallas na Amurka, aka kwantar da samari biyar lafiyayyu 'yan shekara 20 har mako uku. Da suka tashi, ƙarfin aikin zuciya da huhunsu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen nan, aka tarar tsufan shekara 30 bai rage musu abin da kwanciyar mako uku ta rage ba.

Game da masu anjaina su kansu, tun Heberden ya ba da labarin wani majiyyaci da ya ɗora wa kansa yankan katako da zarto rabin sa'a kowace rana, har ya kusa rabuwa da ciwon. A 2004 Rainer Hambrecht da abokan aikinsa a Leipzig ta ƙasar Jamus suka buga gwajin da suka yi da maza 101 masu ƙuntatacciyar jijiya. Rabi aka sa su tuƙa keken motsa jiki minti 20 kowace rana, rabi aka buɗe musu jijiyar aka sa ɗan bututun raga. Bayan shekara guda, kashi 88 cikin 100 na masu keke ba su gamu da wata sabuwar matsala ba, na ɗaya rukunin kuwa kashi 70. Gwajin ƙarami ne, kuma an zaɓi waɗanda ciwonsu bai tsananta ba, saboda haka bai nuna cewa kowa zai iya barin aikin asibiti ba. Abin da ya nuna shi ne motsa jiki magani ne na sosai.

Dalilin a fili yake. Tsokar ƙafa da ta saba da aiki ta fi iya tsotsar iska daga jini, don haka ba ta matsa wa zuciya lamba. Tudun da a da yake kai bugu 120 sai ya koma ana hawansa da 105, mutum ya kai ƙoli bai taɓa iyakarsa ba. Ban da haka, bangon jijiyoyi yakan ƙara iya buɗewa, hawan jini da sukari da ƙiba su sauka.

5. Wanda zai fara da wanda zai dakata

Anjaina iri biyu ce. Akwai mai ƙa'ida, wadda mai ita ya san halinta: aiki kaza yake kawo ta, hutun 'yan mintoci ko magani ya kwantar da ita, kuma haka take watanni ba ta sake ba. Duk shawarar da ke cikin wannan takarda ta mai wannan iri ce. Akwai kuma marar ƙa'ida: wadda ta fara sabuwa, ko take zuwa mutum yana zaune, ko ta tashe shi daga barci, ko aikin da bai kai na da ba ya kawo ta, ko ta fi daɗewa, ko ta fi yawan zuwa. Wannan gargaɗi ne cewa jijiya tana gab da toshewa. Mai ita asibiti ya kamata ya nufa a ranar, maganar motsa jiki kuwa sai likita ya ba da izini.

Haka kuma a dakata in akwai zazzaɓi, ko gudawa, ko hawan jini ya haura 180 bisa 110, ko ƙafafu sun kumbura, ko mutum yana haki a kwance. Ƙarancin jini shi ma yakan jawo iyakar kusa, gama jinin da ke isa zuciya ba ya ɗauke da isasshiyar iska.

A manyan asibitoci akan auna iyakar da na'ura. Mutum yana tafiya a kan bel mai gudu, ana ƙara masa sauri da tudu kowane minti uku, ana duban rubutun zuciyarsa, bisa tsarin da Robert Bruce na Seattle ya fitar a 1963. In an ga bugun da alamar ƙarancin jini take fara bayyana a kansa, akan shawarci mutum ya riƙa tsayawa aƙalla bugu 10 ƙasa da shi.

Wanda bai sami na'ura ba yana da ma'auni a bakinsa, watau magana. Numfashin da ake tafiya da shi shi ake magana da shi. In mai tafiya yana iya rera waƙa, tafiyar mai sauƙi ce, ta dace da farawa da gamawa. In yana iya hira da cikakkun jimloli amma waƙa ta gagara, ya sami daidai. In kuwa kalma biyu ko uku yake fitarwa ya tsaya jan numfashi, ya wuce gona da iri. Gaisuwar Hausa ta isa gwaji: wanda ya gamu da sani a hanya ya iya kai ta tun daga ina kwana da ina gajiya har yaya iyali, ba tare da numfashi ya yanke masa ba, to bai yi sauri ba. Wannan ma'auni ya fi ƙirga bugu amfani ga masu shan magungunan rage saurin zuciya, irin su atenolol da bisoprolol, gama waɗannan sukan riƙe bugu ƙasa ko da jiki ya wahala.

6. Tsarin tafiya

Tafiya a ƙasa, a shimfiɗaɗɗen wuri, ita ce mafi dacewa da farko. Ba ta bukatar kuɗi, kuma tsayawa ba wuya. Keke a hanya marar tudu shi ma yana da kyau. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti 5 zuwa 10, sau ɗaya ko biyu a rana. Bayan kwana biyu ko uku, in ba wata alama, ya ƙara minti ɗaya ko biyu. Tsawon lokaci ake fara ƙarawa, sauri ya biyo baya. Abin da ake nufa shi ne minti 30 a rana, kwana biyar a mako, watau minti 150, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya a jagorarta ta 2020. Ana iya raba shi goma-goma, safe da yamma da dare. Wani yakan kai wannan cikin wata biyu, wani sai wata shida. Sannu ba ta hana zuwa.

Kowace fita tana da kashi uku. Na farko ɗumama jiki: minti 10 zuwa 15 na tafiyar hankali, ana juya kafaɗu ana lilo da hannuwa. Wannan yana ba jijiyoyin zuciya damar buɗewa kafin nauyi ya sauka a kansu. Likitoci sun daɗe da lura cewa mai anjaina yakan jure aiki na biyu fiye da na farko, in an sami ɗan hutu tsakani. Na biyu ita ce tafiyar kanta, bisa ma'aunin magana. Na uku saukowa: minti 10 ana rage sauri kaɗan-kaɗan. Tsokar sha-raɓa tana taimakon mayar da jini sama, in aka tsaya kwatsam sai jini ya taru a ƙafafu, mutum ya ji jiri ko bugunsa ya rikice. Banda in matsewar ce ta zo, nan kam tsayawa ake yi nan take.

Ya kyautu a zaɓi hanyar da ba ta nisa da gida, wadda akwai wurin zama a kanta, a tuna kuma duk nisan da aka tafi sai an dawo shi. A fita da magani a aljihu, da waya, da abokin tafiya in da hali. Matan da ba su cika fita ba suna iya kewaya tsakar gida suna duban agogo, gama zuciya minti take lissafawa, ba ruwanta da inda aka taka.

In tafiya ta zauna, likita kuma ya yarda, sai a ƙara ɗan aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako: tashi da zama daga kujera, ko ɗaga gorar ruwa ta lita guda, wadda nauyinta kilo ɗaya ne, sau 10 zuwa 15. Sharaɗin shi ne a fitar da numfashi lokacin ɗagawa, kada a riƙe shi.

7. Ayyuka da lokutan da ake tsoro

Aikin da ya fi haɗari shi ne mai yunƙuri, wanda mutum yake riƙe numfashi ya yi nishi: cicciɓar buhun hatsi, tura motar da ta mutu, kayar da rago, jan babban guga daga rijiya mai zurfi. Irin wannan yakan harba hawan jini sama cikin ƙiftawar ido. Aikin hannu kuma, balle wanda ake ɗaga hannuwa sama da kai kamar daka da faskare, ya fi aikin ƙafa ɗora wa zuciya nauyi. Zarton majiyyacin Heberden aiki ne mai tafiya bai ɗaya, wanda mai yinsa yake iya sassautawa. Manomi mai anjaina yana iya yin shuka da cira da zagayen gona, ya bar wa samari huɗa da ɗaukar dami. Haka nan ya guji aikin fuju'a, kamar gudu don cim ma mota ko rabon faɗa, da duk wata gasa da kunya za ta hana shi tsayawa.

Sanyi yana tsuke jijiyoyi ya ɗaga hawan jini. Da hunturu, tafiyar da mutum yake yi lafiya da hantsi tana iya kawo masa matsewa da asuba, musamman in yana fuskantar iska. Ya jira rana ta ɗaga, ya rufe ƙirji, ya ja rawani ko mayafi bisa hanci da baki. Da bazara kuwa, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zuciya tana ƙarin aikin tura jini zuwa fata don sanyaya jiki, gumi kuma yana rage ruwan jini. Sai a fita da sassafe ko gab da almuru, a sha ruwa.

Bayan cin abinci mai nauyi jini yakan karkata zuwa ciki, bugu ya ƙaru. A bar sa'a ɗaya zuwa biyu tsakanin tuwo da tafiya. Mai niyyar azumi ya shawarci likita tukuna a kan lokutan shan maganinsa, ya kuma mai da tafiyarsa bayan buɗa-baki ya faɗa. Maniyyaci ya sani sa'ayi tsakanin Safa da Marwa shi kaɗai ya kai wajen kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar jifa, cikin zafi da cunkoso. Ya fara shiri da tafiya watanni kafin tashi, in kuma likita ya ce ya hau keken turawa, ya hau.

Akwai wuri ɗaya da faɗin ma'anar kalmar zuciya a Hausa ya dace da ilmin likita. Fushi yana ɗaga bugu da hawan jini kamar yadda tudu yake yi. John Hunter, shahararren likitan fiɗa na Landan, wanda ya yi shekaru da anjaina, ya faɗi ya mutu a 1793 bayan gardama ta yi zafi a wani taron asibiti. Wanda ransa yake ɓace ya bari ya huce kafin ya fita tafiya.

8. In matsewar ta zo

Jiki magayi. Da zarar an ji nauyin, ko haki da ya wuce na kullum, ko jiri, ko bugu ya rikice, sai a tsaya a zauna. Dauriya ba ta da wuri a nan. In hutu bai kwantar da shi nan da nan ba, a sa maganin ƙarƙashin harshe, ƙwaya ko feshi. Sunansa naitirogilisarin, ana taƙaita shi GTN. Ascanio Sobrero ya haɗa shi a Italiya a 1847, da shi Alfred Nobel ya yi nakiyarsa, William Murrell kuma ya bayyana amfaninsa ga anjaina a Landan a 1879. Yana buɗe jijiyoyi ya rage jinin da ke komawa zuciya, nauyinta ya ragu. A zaune ake sa shi domin yana saukar da hawan jini, na tsaye yana iya faɗuwa. Ciwon kai da yakan biyo baya sananne ne, yakan wuce.

A jira minti 5. In bai saki ba a ƙara na biyu. In bayan wani minti 5 yana nan, a ɗauka jijiya ce ta toshe, a garzaya asibiti, wani ya tuƙa, kada mai ciwon ya tuƙa kansa. Ya tauna asfirin mai miligiram 300, in ba a taɓa hana shi ba kuma jikinsa ba ya ƙin sa. In kuwa tun farko ciwon ya zo da tsanani, da gumi mai sanyi, ko amai, ko suma, ba a jiran mintocin nan.

Likita yana iya ba da izinin sa maganin 'yan mintoci kafin aikin da aka san yana kawo matsewa, kamar hawan bene. Ƙwayoyin sukan rasa ƙarfi bayan an buɗe kwalbarsu, balle cikin zafi, don haka a tambayi mai ba da magani ranar da za a sake su. Akwai kuma gargaɗi mai nauyi: haɗa GTN da magungunan ƙarfin maza irin su Viagra da Cialis yana iya kayar da hawan jini har ya kai ga mutuwa, kuma an sha samun sinadarinsu a ɓoye cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan na gargajiya. Ita kwanciyar aure nauyinta a kan zuciya kamar hawan bene hawa biyu ne, wanda yake yin wannan ba matsewa galibi ba abin da zai hana shi.

9. Kammalawa

Ya kamata mai ciwon ya ajiye ɗan littafi, da boko ko da ajami, yana rubuta ranar da ya fita, da mintocin da ya yi, da inda matsewa ta same shi in ta zo, da kalmar da ta fi dacewa da abin da ya ji, da yawan maganin da ya sa. In wurin da yake tsayawa yana ƙara nisa wata bayan wata, aiki yana kyau. In yana matsowa kusa da gida, ya koma wurin likita kafin ranar da aka yanka masa.

Ga masu jinya da tafintoci da 'yan uwa kuma, tambayar "kana ciwon zuciya?" ba ta fitar da kome. Tambayoyi uku ne suke da amfani: me yake kawo shi, yaya yake ji, me yake kwantar da shi. Amsarsu ita take raba anjaina da ƙwarnafi, ta raba mai ƙa'ida da marar ƙa'ida. Iyalin da suka san wannan, taimakon da ya fi kyau su yi wa majiyyacinsu shi ne su ɗauke masa buhu da gatari, su tuna masa da maganinsa, sa'an nan wani daga cikinsu ya raka shi tafiyar yamma yana jan sa da hira.